Yadda ake soya burodi mai ƙwai ya tashi ya yi laushi

Soyayyen burodi mai ƙwai, wanda aka fi sani da French toast, kayan haɗinsa ba su taka kara sun karya ba: burodi, ƙwai, madara, ɗan sukari da man suya. Amma da kayan nan iri ɗaya wani zai sauke nasa a kumbure, bayansa ya yi ja, cikinsa da laushi sakayau, wani kuma ya sauke nasa a lotse, bayan ya ƙone, tsakiya a jiƙe jagab tana ƙarni. Bambancin ba ya wuce abin da ke faruwa a cikin yankan burodin a 'yan mintunan da yake kan wuta.

Burodi cike yake da ƙananan ramuka kamar soso. Idan aka tsoma shi a ruwan ƙwai da madara, ramukan sai su sha. Da ya hau wuta, ruwan ya fara zama tururi, tururin da iskar da ta saura a ciki su buɗa ramukan, yankan ya kumbura. A daidai wannan lokacin ƙwan ma yana nuna, yana kama jiki, shi ne kuma ke riƙe ramukan a buɗe bayan an sauke. In aka sauke kafin ƙwan tsakiya ya kama jiki, tururi na hucewa kumburin zai sace.

Farin ƙwai yakan fara daskarewa a wajen digiri 62 na ma'aunin Salsiyas, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70. Idan aka sirka su da madara da sukari, sai zafin ya kusa digiri 80 kafin haɗin ya kama jiki sosai. Shi kuwa bayan burodin ba ya yin ja yadda ake so sai ya kai digiri 140 zuwa sama, kuma daga ja zuwa baƙi ba nisa. Aikin mai suya ke nan: ya kai zafi har tsakiya kafin baya ya ƙone. Kaurin yanka, yawan madara, tsawon jiƙo da ƙarfin wuta, duk don haka ake auna su.

Burodin da yadda ake shirya shi

A sayi burodi dunƙule, a yanka da hannu. Wanda aka riga aka yanka a leda yawanci kaurinsa bai wuce santimita 1 da ɗan wani abu ba, irinsa kuwa ba shi da cikin da zai tashi. Yana shan ruwa sai ya saki, bayansa da cikinsa su zama abu guda. Kaurin da ya dace shi ne santimita 2 zuwa 2.5. A yi amfani da wuƙa mai haƙora, a riƙa jan ta gaba da baya ba tare da dannawa ba, domin burodin da aka matse wajen yanka ramukansa sun riga sun rufe, ruwan ƙwai ba zai sake buɗe su ba.

Burodin da ya fi dacewa shi ne fari mai ƙananan ramuka a jere, mai laushi amma da ɗan ƙarfin jiki. Biriyosh na Faransa, wanda ake kwaɓawa da ƙwai da bota, da burodin madara irin na Japan, su ne kan gaba. Farin burodi na yau da kullum ma yana yi sosai in dai an yanka shi da kauri. Mai manyan ramuka ba ya riƙe ruwa, ta ramukan yake zurarewa. Na alkama mai dusa kuma yana da nauyi, yana da daɗin ci amma ba ya tashi. Dogon burodin nan na Faransa mai ɓawo da tauri yana yi, sai dai yana son jiƙo mai tsawo, za a zo kansa a gaba.

An saba cewa a nemi burodin da ya kwana. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Taurin da burodi ke yi in ya kwana a leda ba bushewa ba ce, sitacin cikinsa ne ke sake curewa, ruwansa kuwa yana nan kusan yadda yake. Shi ya sa burodin da aka ajiye a firiji yake saurin tauri, don sanyi yana hanzarta curewar sitaci, amma idan aka tsoma shi ba wani shan kirki yake yi ba. Abin da ake nema shi ne burodin da ruwansa ya ragu, wanda zai zuƙi ruwan ƙwai har ciki kuma bai farfashe ba.

Hanya mafi tabbas ita ce obin. A jera yankan a kan ragar ƙarfe, a sa a zafin digiri 140 na minti 10 zuwa 15, a juya sau ɗaya a tsakani. Ba gasawa ake so ba, kada ya canja launi. Samansa ya bushe in an shafa, amma in an ɗan latsa a ji ciki da sauran taushi. Wanda ba shi da obin ya baza yankan a fili tun da dare, a rufe da kyalle mara kauri saboda ƙura da ƙwari, kada a ɗora wani kan wani. In kuma da safen aka tuna, busasshen kasko a kan ƙaramar wuta ya isa: minti 2 zuwa 3 kowane gefe. Ko ta wace hanya aka bi, a bari ya huce kafin a tsoma shi. Burodi mai zafi yana fara dafa ƙwan da ya taɓa samansa, wannan kuma ya toshe wa sauran hanya.

Ɓawon gefe a bar shi. Shi ke riƙe yankan lokacin da cikinsa ya jiƙe ya yi nauyi.

Ƙullun

Ga ma'aunin yanka 6 masu kaurin santimita 2.5, wanda zai ishi mutum uku:

- ƙwai manya 3
- madara mai maiƙo mililita 200
- fulawa cokalin cin abinci 2 a shafe, wajen giram 16
- sukari cokalin cin abinci 1
- gishiri kwatan cokalin shayi
- garin kirfa rabin cokalin shayi
- filebon banila cokalin shayi 1
- narkakken bota cokalin cin abinci 1, da wani na suya
- bekin foda rabin cokalin shayi, ga mai so

Abin riƙewa a nan shi ne ƙwai 1 ga madara mililita 60 zuwa 70. Babban ƙwai in an fasa shi yana kai giram 50. Idan ƙwayayen ƙanana ne, a sa 4. Madara ta haura haka, ƙwan ba zai iya riƙe ruwan ba, tsakiya za ta zauna a caɓe komai daɗewarta a wuta. Ƙwai ya yi yawa kuma, sai a samu wainar ƙwai manne a jikin burodi, ga tauri ga ƙarni. Wanda ba ya son ƙarnin ƙwai ko kaɗan ya cire farin ƙwai ɗaya ya ƙara gwaiduwa ɗaya a madadinsa, don yawancin warin daga farin yake fitowa idan ya sha wuta. Kada dai a cire farin duka. Gwaiduwa zalla tana ba da gardi da santsi, amma farin ne ke da ƙarfin riƙe kumburi.

Madara mai maiƙo ta fi wadda aka cire wa mai, saboda maiƙon yana hana ƙwan yin tauri. Idan ta gari ce, a dama giram 25 da ruwa har ya kai mililita 200. Idan ta gwangwani ce mara sukari, a sirka rabi madara rabi ruwa. Mai kaurin nan mai zaƙi ba ta dace ba, sukarinta zai ƙone tun ciki bai ji wuta ba. Haka ma sukarin da ake zubawa: cokali ɗaya ya isa ya taimaka wa baya ya yi ja. Mai son zaƙi ya ƙara a faranti, ba a ƙullu ba.

Fulawa ba dole ba ce, da yawa ba sa sa ta. Amfaninta biyu ne. Sitacinta yana shanye wani ɓangare na ruwan idan ya ji zafi, sai tsakiya ta yi saurin kama jiki. Tana kuma yi wa yankan siririyar riga a waje, wadda ke tsare tururi a ciki kuma take soyuwa ta yi ɗan ƙaras. Cokali 2 ga wannan ma'aunin ya wadatar. Aka wuce 4, ƙullun zai yi kaurin da ba zai ratsa burodin ba, a samu waje da danƙo ciki a bushe. Shi bekin foda kuwa kada a ɗora masa buri. Aikinsa a wannan rigar ta waje yake, yana sa ta ɗan tashi, amma ba zai gyara burodi siriri ko wuta mai yawa ba. In ya yi yawa ma ɗaci yake kawowa. Kuma kada a musanya shi da bekin soda: ita sai da abu mai tsami take aiki, a cikin madara zalla ɗanɗanon sabulu za ta bari.

Yadda aka jera haɗawar yana da tasiri. A fara zuba fulawa, sukari, gishiri da kirfa a kwano, a gauraya su a bushe. Kirfa ba ta shiri da ruwa. In aka barbaɗa ta a kan madara sai ta taso ta dunƙule, yanka na farko ya kwashe ta duka ya ƙone da ita, na ƙarshe bai samu komai ba. Idan ta cakuɗa da sukari da fulawa tun farko, tana bazuwa daidai. Sai a zuba madara cokali 3 ko 4, a dama har ya zama kwaɓi mai santsi ba gudaji, sannan a fasa ƙwai a kai a kaɗa sosai. Bayan nan a tsiyaya sauran madarar da banila, a ƙarshe narkakken bota ana zubawa ana kaɗawa. Madara da ƙwai su kasance sun saki sanyin firiji, in ba haka ba botan zai daskare ya zama tsaki-tsaki.

A kaɗa har sai an ɗaga cokali mai yatsu an ga ƙullun yana zuba kamar ruwa, ba yauƙi. Wannan yauƙin farin ƙwai ne da bai karye ba, shi ne ke fitowa fari-fari a gefen burodi bayan an soya. Gishirin da aka sa yana taimakawa wajen tsinka shi. Wanda ke son aiki mai tsabta ya tace ƙullun da rariya, ya raba shi da farin zaren nan da ke riƙe gwaiduwa da duk wani gudaji. Bekin foda shi ne na ƙarshe, ana dab da fara tsomawa, domin yana taɓa ruwa yake fara aiki.

Jiƙawa

A juye ƙullun a faranti mai zurfi da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda yanka zai kwanta a ciki sosai. A kwano mai zagayen gindi gefuna ne kawai ke sha, tsakiya na sama.

Tsawon jiƙo ya danganta da burodin. Fari mai laushi da aka busar, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe. Biriyosh ya fi saurin sakin jiki, 20 ta ishe shi. Mai ƙarfin jiki yana iya kai minti 1 ko 2 kowane gefe. Agogo dai jagora ne kawai, hannu ya fi shi sani: yankan ya yi nauyi, in an ɗan latsa tsakiyarsa a ga ruwa ya tsatso, amma in an ɗaga shi kada ya lanƙwashe. Na farko ma ana iya tsaga shi a duba. In akwai farin layi busasshe a tsakiya, jiƙon bai kai ba.

Ga wani mataki da akan tsallake, alhali yana cikin masu muhimmanci. Bayan an tsamo yankan, a bari rarar ƙullun ta ɗiga, a ɗora shi a kan raga ko tire na minti 2 zuwa 3 kafin ya shiga kasko. Ruwan da ya taru a sama yana ci gaba da ratsawa ciki, sai jiƙon ya daidaita daga baya har tsakiya. Ba kuma za a ga ƙwai ya malalo ya soyu a gefe kamar leɓe ba. A riƙa motsa ƙullun kafin kowane tsomi, don fulawa da kirfa suna kwanciya a ƙasa. A ɗauki jiƙaƙƙen yanka da cokali mai faɗi, a tallafe shi ta ƙasa. Cokali mai yatsu huda shi zai yi, yatsun hannu kuma su yaga shi.

Wuta

Yawancin ɓarnar a nan take faruwa, kuma kusan kullum yawan wuta ne. Kasko mai kaurin gindi ya fi, na baƙin ƙarfe ko wanda abinci ba ya kama masa. Mara kauri yana tara zafi wuri ɗaya, ya ƙona tsakiyar yanka gefuna suna fari. A ɗora shi a wuta matsakaiciya mai karkata zuwa ƙasa, a ba shi minti 2 zuwa 3 ya ɗauki zafi ko'ina. Ga mai farantin suya na lantarki mai ma'auni, digiri 165 zuwa 175 ne.

Bota ke ba da ƙamshi da launi, amma kashi 80 cikin 100 ne kawai nasa mai, sauran ruwa ne da ɓurɓushin madara, ɓurɓushin nan kuwa da wuri yake ƙonewa. Maganin shi ne a haɗa: cokalin shayi 1 na bota da cokalin shayi 1 na man girki mara ƙamshi ga kowane zubi. Man ba ya hana ɓurɓushin ƙonewa, yana dai rage yawansa a kaskon. Wanda ke da tataccen bota, wanda aka narkar aka raba da ɓurɓushinsa, ya huta da wannan matsalar. Ba a son mai ya yi yawa, shafe gindin kasko kawai zai yi. Burodi na shan mai, musamman in kaskon bai yi zafi ba, ya fito da nauyi yana naso.

Botan da kansa zai nuna lokacin sa burodi. Zai narke, ya yi kumfa, kumfar ta fara kwanciya. A nan ake sawa. In ya yi duhu yana hayaƙi tun ba a sa komai ba, a sauke kaskon, a goge, a rage wuta, a sake. Yanka na shiga a ji ƙara a hankali, ba tsit ba, ba kuma tartsatsi ba. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin yanka da yanka. Aka cika kasko, zafinsa zai faɗi, ruwa ya taru, suya ta koma dahuwa.

Da an jera su sai a rufe da murfi na minti 2 zuwa 3. Murfin yana tara tururi, sama ta fara nuna tun ƙasa na soyuwa, zafi ya shiga tsakiya ta ɓangarori biyu. Wannan ne ke sa yanka mai kauri ya tashi sosai. A buɗe, a ɗaga gefe a duba. Idan ya yi ja kamar zuma mai duhu, wato bayan minti 3 zuwa 4 gaba ɗaya, a juya. In ya kai haka cikin minti ɗaya da rabi, wutar ta yi yawa. In minti 5 sun wuce yana fari, ta yi kaɗan. Wajen ɗaga murfi a karkatar da shi waje, kada ruwan da ya taru a cikinsa ya ɗiga kan burodin.

Gefe na biyu a soya shi a buɗe, minti 3, don bayan ya bushe ya yi ƙaras. Juyi ɗaya ake yi. Kada kuma a danna shi da cokali. Mutane da yawa hannunsu ba ya haƙuri da wannan, suna ganin yanka ya kumbura sai su latse shi wai don ya nuna, alhali iskar da tururin da aka sha wahalar tarawa suke korewa, ɗanyen ƙullu kuma ya tsatso ya ƙone a kasko.

Yanka ya nuna idan tsakiyarsa ta ɗan tasa sama, kuma in an taɓa da yatsa ta dawo ba ta lotsa ba. A soka bakin wuƙa a tsakiya: danshi ba laifi, amma kada a ga ruwan ƙwai. Mai ma'aunin zafin abinci ya soka ta gefe. Digiri 71 shi ne mafi ƙarancin da ake so ga duk abincin da aka haɗa da ƙwai don kare lafiya, musamman in yara ƙanana, masu juna biyu ko tsofaffi za su ci, amma don ya tsaya bai sace ba gara ya kai 75 zuwa 80. In baya ya gama ja ciki da saura, kada a ci gaba da azabtar da shi a kasko. A mayar da shi obin mai zafin digiri 180 na minti 5 zuwa 8. Duk yankan da ya kai santimita 3 ko fiye ma, tun farko da wannan shirin ake soya shi. Ba obin, sai a kai wutar can ƙasa, a mayar da murfi na minti 2.

Kafin zubi na biyu a goge kaskon da tishu, a sa sabon mai. Ƙonannen ɓurɓushin zubin farko ne ke sa na baya su fito da ɗigo-ɗigon baƙi da ƙauri. Kaskon ma yana ƙara zafi yayin da ake tafiya, don haka a ɗan rage wuta bayan zubi na farko.

Hanzari ba gudu ba: ko an yi komai daidai, yankan zai ɗan sauka kaɗan bayan an sauke shi, domin tururi dole ya huce. Wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne ya lotsa ta tsakiya ya yi rami, alamar ƙwan ciki bai nuna ba ko madara ta yi yawa.

Hanyoyi biyu ga mai son ƙari

Ta farko ita ce bugun farin ƙwai. A raba farin ƙwai 2 daga cikin 3, a yi ƙullun da sauran, a jiƙa burodin kamar yadda aka bayyana, a rage ɗan ƙullu kamar cokali 4. A buga farin da sukari cokalin cin abinci 1 har ya yi kumfa fara mai tsayawa amma bakinta na lanƙwasawa. Kwanon da abin bugun su kasance ba maiƙo ko kaɗan, ɗigon gwaiduwa ɗaya ma yana iya hana shi tashi. A juya ragowar ƙullun cikin kumfar a hankali, a shafa wa kowane yanka gaba da baya, a sa a kasko nan take. Wutar ta fi ta ɗazu ƙasa, murfi kuma dole ne. Yana fitowa da tsayi da taushin gaske, sai dai ba ya jira: kumfar tana sacewa in an bar ta, soyayyen ma haka. Ga mutum biyu kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ga taro, wahala ce kawai.

Ta biyu ita ce jiƙon kwana, wadda ta fi dacewa da burodi mai ɓawo ko yanka mai kaurin santimita 4. A nan ba a sa fulawa ko bekin foda. A jera yankan a mazubi, a juye ƙullun a kai, a rufe, a sa a firiji awa 8 zuwa 12, a juya su sau ɗaya. Ba a barin ɗanyen ƙwai da madara su kwana a waje. Da safe a fito da shi minti 15 kafin suya, sai a soya a ƙaramar wuta da murfi, minti 7 zuwa 8 kowane gefe. Cikinsa yakan fito da santsi da danshi, yana rawa in an taɓa. Farin burodi mai laushi ba ya jure wannan, narkewa zai yi.

Bayan an sauke

Kada a tara su wani kan wani a faranti. Tururin na ƙasa zai jiƙa na sama, nauyin na sama ya danne na ƙasa. A jera su a raga, in kuma ana jiran sauran su soyu, a sa ragar a obin mai zafin digiri 95, kada ya wuce minti 20 don ba zai fasa bushewa ba. Zuma, ruwan zaƙin itacen mapul, garin sukari ko yankakken 'ya'yan itace, duk a teburi ake sa su, lokacin ci. Aka zuba tun a kicin, kafin ya iso bayan ya saki. Mai son na gishiri ya cire sukari, kirfa da banila, ya sa barkono da gogaggen cuku, ma'aunin ƙwai da madara kuwa yana nan yadda yake.

Ragowar ƙullun da aka tsoma burodi a ciki ba a ajiye shi. Soyayyen da ya rage kuma a bari ya huce, a sa a firiji kafin awa 2, zai kai kwana 3. Don firiza, a fara daskarar da yankan a jere a tire, sannan a zuba su a leda, ta haka ba za su manne da juna ba, kuma za su yi wata 1 zuwa 2 lafiya. Wajen ɗumamawa, obin a digiri 180 na minti 8 zuwa 10, ko busasshen kasko a ƙaramar wuta, minti 2 a rufe sannan minti 1 a buɗe kowane gefe. Daskararre yana buƙatar ƙarin minti 4 ko 5 a obin, ba sai an jira ya saki ba. Maikurowef yana ɗumama shi da sauri, amma bayan zai yi laushi, in ya huce kuma ya yi tauri.